Wa ya san Yawuri kafin ruwan Kainji ya ci tsibirai?

Jikan Bagunge:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni haifaffen Kaduna ne, a can na yi karatu kuma a can nake neman abinci, amma asalinmu mutanen ƙasar Yawuri ne, domin a kan wani gungu, wato tsibiri, da ke tsakiyar kogin Kwara aka yanke wa kakana na wajen uba cibiya, kuma bai bar wurin ba sai da aka tashe su lokacin da aka datse ruwa a Kainji. Ya rasu ina ɗan shekara 9, saboda haka abin da na riƙe daga bakinsa bai taka kara ya karya ba, in ban da cewa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sabon ƙauyensu gida ba, kullum sai dai ya ce “wurin da aka ajiye mu”. Filafilinsa na tuƙa kwale-kwale yana nan a ɗakin mahaifina, wurin riƙon ya yi sumul saboda daɗewa a hannu, kuma babu wanda ya iya amfani da shi a cikinmu.

Bara, bayan sallar layya, na je Yelwa na tsaya a bakin ruwa, na ga manyan jiragen katako masu inji ana loda musu buhuna da babura da mutane. Da na roƙi wani matuƙi ya nuna mini inda gungun kakannina yake, sai ya miƙa hannu kudu ya nuna mini ruwa zalla. Tun daga ranar abin yake damuna. Ina roƙon duk wanda ya riski wancan zamani, ko ya ji daga bakin wanda ya riske shi, ya bayyana mini yadda zaman garuruwan bakin kogi yake, da yadda ake tafiya a kwale-kwale kafin inji ya zo.

Tsohon Malamin Firamare, Yelwa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, ya kai haske kabarinsa. An haife ni a Yelwa a 1949, don haka ina da wayona sarai lokacin da aka fara aikin dam a 1964, kuma ina saurayi lokacin da aka gama shi a 1968, tafkin ya cika, Janar Yakubu Gowon ya buɗe shi a 1969. Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur ne a kan karaga a lokacin.

Abu na farko da zan so ka gane shi ne, ruwan da ka gani bara tafki ne, mu kuwa kogi muka sani, kuma ba halinsu ɗaya ba. Kogi yana tafiya, yana da hanyoyi kamar yadda daji yake da su, yana rarrabuwa ya kewaye tsibirai sannan ya sake haɗuwa, kuma kowane lungu da kowane dutse da kowace kwana suna da sunan da mutanen wurin suka san su da shi. Sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, wanda yake zuwa da damina daga ruwan saman ƙasashenmu na kusa, mai laka, mai ƙarfi, mai tafe da itatuwa da ciyayi. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake isowa cikin hunturu alhali ko ɗigo ba a yi a sama ba, garau da shi har kana hango yashi a gefe. Sai da na shiga makarantar horon malamai na fahimci cewa ruwan saman duwatsun ƙasar Gini ne, wanda yake yin watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can kafin ya iso mana. Tsofaffinmu ba su san Gini ba, amma ba sa kuskuren makon da zai iso, kuma da shi suke lissafin shukar albasa, da kamun kifi, da lokacin tafiya fatauci.

Kwale-kwalen gida daga itace guda ake fafe shi, yawanci maɗaci ko kawo, manya-manyan kuwa da ke ɗaukar kaya masu nauyi daga kudu ake kawo su, inda itatuwa suka fi kauri. Aikin yaro na farko a cikin jirgi shi ne kwarfe ruwa da ƙwarya, kuma yakan yi shekara yana wannan kafin a miƙa masa filafili. Inda ruwa ba shi da zurfi ana tokara gwangwala ne a bi gefe-gefe, musamman idan ana hawa, domin mai hankali ba ya yin gaba-da-gaba da tsakiyar kogi. Inda ya yi zurfi kuma sai a koma filafili. Ni ɗan gari ne, mahaifina ɗinki yake yi, amma abokaina 'ya'yan Sarkawa ne suka koya mini, kuma na sha dariya a wurinsu kafin na daina juya jirgi yana kewaya wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Sarkawa su ne masunta na asali, Hausa suke yi, kuma daga Kabi suke danganta kansu. Gungawa kuwa manoma ne kafin komai, sai dai gonarsu da gidansu da kasuwarsu duk jirgi ne yake haɗa su. A bakin ruwan Yelwa ranar kasuwa za ka ji Hausa da Gunganci da Kambarci da Nufanci da Zabarmanci a wuri ɗaya, jirage sun jeru kai da kai har yaro yana iya takawa daga wannan zuwa wancan bai jiƙa ƙafa ba. Giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗauka ba abin mamaki ba ne a lokacin, ga yauni, ga ramboshi, ga kurungu da ba a ma cika kula shi ba. Masu fito kuma suna da nasu matsayi, domin duk mai son haye kogi, ko da wane ne shi, sai ya jira su. Kakata ta ba ni labarin yadda fataken goro masu zuwa Gwanja suke yada zango a ƙasar nan, a loda kayansu a jirgi, jakuna kuwa a riƙe musu kai a gefen jirgin suna iyo. Ni ban riski fataken ba, amma na ga Fulani suna haye da garke, shanu suna iyo ƙaho kawai ake gani, jirgi yana biye da 'yan maruƙa.

Daga Yelwa zuwa Busa ba tafiyar kowa ba ce, saboda duwatsun da ke cikin ruwa a wajen. A can ne Mungo Park, Baturen da ya zo binciken kogin Kwara, ya halaka a 1806, kuma neman takardunsa yana cikin abin da ya kawo 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, wurin Sarkin Yawuri a 1830. Na yi shekaru ina koya wa yara wannan a aji, kuma kullum nakan ce musu abin da littafin bai faɗa ba, wato baƙo ne ya shiga ruwan da bai sani ba, alhali mutanen wurin suna wuce shi da kaya da iyali domin sun san ta inda ake bi. Yanzu duwatsun da tsohuwar Busa kanta duk suna ƙarƙashin tafkin.

Ba zan ce maka inji bai kawo sauƙi ba, domin tafiyar da ake kwana biyu ana yi yanzu ta zama ta yini ɗaya ko ƙasa da haka. Abin da nake ganin mun rasa shi ne sanin ruwa. A da ba a kiran mutum matuƙi sai ya san ƙasan kogi kamar tafin hannunsa, yanzu kuwa duk wanda ya sami kuɗin inji ya zama matuƙi.

Hajiya 'Yar Gungu:

Salamu alaikum. Jikata ce take rubuta mini wannan, ni nake faɗa. Malam ya yi bayani mai kyau, Allah ya saka masa da alheri, amma shi ɗan birni ne, daga tudu yake kallonmu, saboda haka bari in faɗa wa yaron nan yadda abin yake daga cikin ruwa.

Ɗana, a kan gungu mace ma tana tuƙi. Ban san shekaruna a lokacin ba, amma ban isa aure ba na fara kai wa mahaifina abinci gona ni kaɗai a ƙaramin jirgi, tuwo a rufe a gabana, ƙanena yana kwance a tsakiya. Gero da dawa da shinkafa muke nomawa da damina, amma abin da ke kawo kuɗi shi ne albasa. Idan ruwa ya ja baya ya bar laka a gefen gungu, sai a yi fangali-fangali a dasa, ban-ruwa kuwa da ƙwarya ake yinsa, a ɗebo daga kogi a watsa, safe da yamma, har ta nuna. Baƙin ruwan nan da Malam ya ambata shi ne yake riƙe mana kogi a kusa da gona duk tsawon rani, ba sai an yi nisa ba. Wahala ce ta gaske, bayan mutum har ya ƙage, amma da kuɗin albasa aka yi mini kayan ɗaki, kuma har yau idan na ji ana cewa albasar Yawuri a kasuwa sai in tuna hannun mahaifiyata da ya tsattsage saboda sanyin ruwan hunturu.

Ranar kasuwa tun kafin asuba ake tashi, mata a tsakiyar jirgi da kwanduna, maza a kai da gindi, ana tafe ana kiran na wani gungun su fito a rankaya tare. Ba a tafiya jirgi ɗaya tilo saboda dorina, musamman mai ɗa, kuma idan an zo inda aka san tana kwana sai kowa ya yi shiru, a raɓa ta can gefe. Amarya ma a jirgi ake kai ta. Ni da jirgi bakwai aka kai ni gidan mijina, da kiɗa da guɗa, samari suna tsere a gefe don su nuna ƙarfinsu. Abin da ake yi yanzu a bikin Rigata ana tara manyan baƙi ana kallo, mu a wurinmu abin kowane biki ne.

Da aka zo da maganar tashi, tsofaffi ba su yarda ba. Ma'aikata sun zo sun ƙirga ɗakuna da rumbuna da itatuwa, suka nuna inda ruwa zai kai, surukina ya yi dariya ya ce tun zamanin kakansa ruwa bai taɓa taɓa gindin tsamiyar ƙofar gidansa ba. Sai da muka ga yana hawa ba ya komawa sannan aka fara kwasar kaya da gaske. Gidajen da aka gina mana na bulo da siminti ne, da rufi mai lanƙwasa irin wanda ba mu taɓa gani ba, da rana zafi, da dare sanyi, kuma ba a tsara su yadda muke zama da surukai da kishiyoyi ba, shi ya sa kusan kowa ya sake gina ɗakin ƙasa da rufin ciyawa a gefe. Ƙasar tudu kuma ba ta san albasa ba. Kaburburanmu ne abin da ya fi tsaya wa tsofaffi a rai, domin rumbu ana iya kwashe shi, amma uwa da uba da ke kwance a ƙasa sai dai a yi musu addu'a a juya. Saboda haka kada ka ga laifin kakanka da ya ce wurin da aka ajiye su. Surukina ma haka ya riƙa zama a bakin tafki da yamma yana fuskantar wajen, ba ya ce wa kowa komai.

Ɗan Jimeta:

Gaisuwa ga Malam da Hajiya. Ni ba mutumin Kwara ba ne, a bakin Binuwai na tashi, amma abin da ya same ku ya same mu ta wata fuskar, kuma ina ganin zai amfani mai tambaya ya san cewa ba dam kaɗai ne ya kashe garuruwan ruwa ba.

Mu abin da muke jira a shekara shi ne manyan jiragen kamfani. Binuwai ba ya ɗaukar babban jirgi sai tsakiyar damina, wajen watan Agusta da Satumba, don haka a cikin wannan ɗan lokaci ne jiragen UAC da na John Holt suke tasowa daga Burutu da Warri, su biyo ta Lakwaja da Makurɗi da Ibi da Numan, su iso Yola, wasu su wuce har Garwa a Kamaru, suna tura manyan kwatarniyoyin ƙarfe, wato jiragen kaya marasa inji, cike da gishiri da siminti da man fetur da yadi. Idan za su koma kuma gyaɗa da auduga da fatu suke kwasa. Ranar da aka ji ƙarar jirgin farko gari yakan ruɗe, 'yan dako su kwana suna aiki da fitila domin kowa ya san idan ruwa ya fara ja dole jirgi ya gudu, in ba haka ba ya kafe a yashi sai wata shekara. Mahaifina ɗan dako ne, kuma abin da yake samu a waɗannan makonni shi ne tufafinmu na shekara.

Yaƙin basasa da aka fara a 1967 ya toshe hanyar ƙasan kogi, kafin a farfaɗo kuma manyan motoci da kwalta sun ƙwace kayan, sannan aka gina dam na Lagdo a Kamaru a 1982, yashi kuma ya yi ta cike hanyar jirgi ba mai yashewa. Haka Baro ta yi a can ƙasar Nufe: gari ne da aka ja layin dogo daga gare shi zuwa Kano, aka gama a 1911, don kaya su sauka daga jirgin ruwa su hau na ƙasa, amma da gadar Jebba ta haɗa layin da Ikko kai tsaye sai aka daina buƙatarsa. Ku aƙalla kuna iya cewa ruwa ne ya rufe muku gari. Namu yana nan a tsaye, da rumbunan kamfani da komai, kogin ne ya daina kawo baƙi.

Ma'aikacin Lafiya Mai Ritaya, Sabuwar Busa:

Ina neman afuwar iyayena, domin zan ɗan saɓa. Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ina tsoron kada yaron nan ya tashi da tunanin cewa aljanna ce ruwa ya cinye. Na yi aikin duba marasa lafiya a ƙauyukan Borgu shekaru masu yawa, kuma na tarar da dattawan da suka taso a kusa da duwatsun Busa da yawansu ba sa gani, yaro ne yake jan su da sanda. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne yake kawo wannan makanta, kuma ba ya hayayyafa sai a ruwa mai gudu a kan duwatsu, wato daidai wuraren da Malam yake yabon gwanintar matuƙa. Da tafkin ya rufe duwatsun, ƙudan ya ragu ƙwarai a wannan yanki. Tsargiya kuwa har wasu suna ɗaukarta alamar balaga ce ga yaro namiji, ita kam tafkin bai kore ta ba. Mace mai naƙuda idan haihuwa ta zo da gardama a kan gungu da dare, lokacin farin ruwa, sai dai a sa wa Allah ido.

Inda na yarda da Malam ɗari bisa ɗari shi ne maganar sanin ruwa, sai dai zan ƙara da cewa ba laifin matuƙan yau kaɗai ba ne. Tafkin ya kai kusan kilomita 130 a tsawo, mutanen da aka tayar sun haura 40,000, kuma dazuzzuka da yawa da ruwa ya rufe ba a sare itatuwansu duka ba. Kututturan suna nan a tsaye a ƙarƙashi, idan ruwa ya ragu sai su zo dab da sama, jirgin katako mai inji da aka yi wa lodin da ya wuce kima ya zo da gudu ya hau kai ya tsage. Ga kuma igiyar ruwa idan iska ta taso, wadda kogin da bai san irinta ba saboda ba shi da wannan faɗin. Dukkanmu muna tuna hatsarin da aka yi a kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021, inda mutane masu yawan gaske suka rasu. Ilimin da kakanni suka tara na kogi ne, kuma kogin ya tafi. Na tafki kuwa har yanzu ana kan koyonsa, da tsada. Don haka idan ka sake zuwa, ɗana, ka sa rigar kariya ko da za a yi maka dariya, kuma kada ka shiga jirgi bayan magariba.

Tsohon Malamin Firamare, Yelwa:

Likita bai faɗi ƙarya ba, kuma na karɓi gyara. Kawunnaina biyu ne suka makance a gabana, ban kawo su cikin lissafi ba saboda tsufa yakan tace abin da yake so ya tuna. Hajiya kuma ta yi daidai da ta kira ni ɗan tudu.

Ɗana, idan da gaske kake son ganin wurin, kada ka zo bayan damina lokacin da tafki yake cike. Ka zo ƙarshen bazara zuwa farkon damina, lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai, domin a irin wannan lokaci kan wasu tsibiran yakan fito, har a ga duwatsun murhu da fasassun tukwane. Kada ka tambayi samarin tasha. Ka je sabon ƙauyen da aka mayar da danginku, wanda galibi sunan tsohon gungun yake ɗauke da shi, ka nemi mafi tsufa a cikin masu jirgi, kuma ka zo da filafilin nan, domin masassaƙa ba su da yawa a lokacin, tsofaffi suna iya gane hannun kowannensu.

Jikan Bagunge:

Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya ƙara girma da lafiya. Na karanta wa mahaifina dukkan amsoshin jiya da dare, kuma da na zo wurin tsamiyar da Hajiya ta ambata sai ya dakatar da ni, ya ce su ma akwai tsamiya a ƙofar gidansu, a jikinta ake ɗaure jirgi, kuma yana ɗan shekara 6 aka ɗauke shi daga gindinta aka sa a jirgi tare da awaki. Bai taɓa gaya mini wannan ba sai jiya. Ya ce filafilin na itacen kawo ne, kuma ya yarda mu tafi tare a watan Yuni idan Allah ya kai mu, da sharaɗin shi zai riƙe shi a hanya.